Tatsuniyar da Kaka Ta Yi a Gaban Fitilar Baba Ilu

Kafin in fara, ya kamata in faɗi cewa ban tabbata duk abin da zan rubuta haka ya faru ba. Ina yarinya a lokacin, ban jima da shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kuma shekaru sun wuce da yawa. Wasu abubuwan da idona na gan su. Wasu kuwa an sha ba ni labarinsu har na koma ina jin kamar ina wurin. Na yi ƙoƙarin rarrabewa, ban iya ko'ina ba, don haka inda nake shakka zan ce ina shakka. Abu ɗaya ne ba na shakkarsa: ƙanen mahaifina, Baba Ilu, ya ɗaura niyyar tafiya arewa, kakarmu kuma ta yi iyakar abin da take ganin za ta iya don ta tsayar da shi.

Ƙauyenmu ƙarami ne, a ƙasar Gangara, cikin Damargu. Babu wutar lantarki a lokacin, kuma da na je bara ma ba a kai ba. In an gama girbi, an zuba gero a rumbu, sanyi ya sauko, sai a fara hura wuta a ƙofar ɗakin Kaka bayan sallar lisha. Kara ake sawa da busasshen kashin shanu, domin itace yana da wuya a wajenmu. Mu taru mu kewaye ta: ni, da yayana Habu, da 'ya'yan maƙwabta da ke tsallako darni su zo.

Kaka ita ce ta haifi babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa babu mai kiran sunana a gidan, ita kuma Takwara take ce mini. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaɗin auduga, yatsunta kullum da farin alli. Takan binne gyaɗa a cikin toka, ta bar mu muna haɗiyar yawu, sai ta ga mun natsu sannan ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, ku matsa mata." Mu ce, "Mun matsa, ta zauna." In ta gama kuma ta ce, "Ta tashi ta kaɗe zanenta, kowa ya nemi tabarmarsa." Ban taɓa jin wata tsohuwa tana buɗe tatsuniya haka ba, ina jin nata ne ita kaɗai, ko da yake ba zan rantse ba.

Doka ɗaya gare ta da ba ta wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. Kowa a ƙauyen ya san da wannan, amma ita ta riƙe shi fiye da kowa. Ta ce wanda aka yi wa tatsuniya da rana, ɓata yake yi a hanya. Na taɓa matsa mata da hantsi tana kaɗi, na ce ta ƙarasa mini ta jiya, don barci ya ɗauke ni. Ta ɗaga mazarinta kamar za ta ƙwala mini.

"Takwara, so kike a je kasuwar Belbeji da ke a dawo babu ke? To ni ba ni da ƙafar yawon cigiya. Jira dare."

Baba Ilu shi ne autanta. Saurayi ne dogo mai yawan shiru, sai dai in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Ya yi wani zama a Tanut wajen wani mai gyaran rediyo, ya dawo gida da buhu cike da matattun rediyoyi da rakodoji, mutane suna ta yi masa ba'a wai ya je birni ya kwaso shara. Ya kafa 'yar rumfa a gefen zaure, ya baje kayansa a kan tabarma.

Yanzu da na yi karatun kimiyya na san sunan abin da yake yi, amma zan faɗe shi yadda na gan shi. Yakan farke rediyo ya zaro wani baƙin sanda mai kama da gawayi da ke cikinta. Ya warware siririyar wayar jan ƙarfe daga cikin wata rakoda, ya naɗa ta a jikin sandan, yana naɗawa leɓensa na motsi, in ka yi masa magana ba zai amsa ba. Ya ciro wani ɗan abu mai ƙafa uku da yake kira taransisto, ya manna shi a jikin guntun tukunyar sanholo don kada ya yi zafi ya ƙone. Ba shi da abin liƙi na lantarki. Ƙatuwar ƙusa ya sa wa mariƙin itace, yana tura ta cikin garwashi har ta yi zafi, ya narkar da dalma da ita. Ƙwan fitilar da yake haɗawa kuwa irin dogon nan ne fari da ake ce wa neyon, ƙanana, waɗanda aka zubar a Tanut domin sun daina kamawa. Ya ce ba su mutu duka ba, sun dai gaji da irin wutar birni. Gidan fitilar yakan yanko shi daga tsohuwar jarka, ya jera pil a ciki, irin manyan nan da ake sa wa tocila, ya yi mata mariƙi da guntun igiyar guga.

Ya sha wuya kafin ta farko ta kama. Na tuna warin roba mai ƙonewa, na kuma tuna ranar da wutar ta fizge shi ya yi tsalle ya buga kai da sandar rumfa, Kaka tana daga nesa tana cewa, "Madalla. Gobe ma ka ƙara taɓawa."

Daren da ta kama, muna zaune gaban wuta, Kaka tana tsakiyar labari, sai ga shi ya zo riƙe da abu a lulluɓe da riga. Ya ce, "Iya, ku rufe ido." Muka rufe. Muka ji wata ƙara siririya kamar ta sauro. Da muka buɗe, tsakar gidanmu gaba ɗaya ta yi fari fat. Na ga turmi, na ga kaji a kan darni suna muzurai, na ga tsagar da ke jikin bangon ɗakin Kaka da ban taɓa lura da ita ba. Yara suka sa ihu. Kaka ta kare idonta da hannu, ta daɗe tana kallo.

"Auta, wannan ba fitila ba ce. Rana ka kamo ka ɗura a kwalba. Allah Ya yi maka albarka. Amma ka kai ta can, tatsuniya nake."

Habu ya ce, "Haba Kaka, ai dare ne. Dubi taurari."

"Wane dare? Ina ganin layin tafin hannuna, ina ganin majinar hancinka. In wannan dare ne, to rana mece ce? Ba zan ɓatar da jikokina ba saboda kwalba."

Aka yi ta dariya, Baba Ilu ya fi kowa. Ya ɗauke fitilarsa ya koma rumfa. Daga ranar nan gidanmu ya zama da haske biyu: jar wuta a ƙofar Kaka inda ake labari, da farin haske a rumfar Baba Ilu inda ake aiki. Kada wani ya ɗauka ta ƙi fitilar ne. Tana alfahari da ita ƙwarai. In ƙaya ta soki yaro, ko aka ga kunama ta shige ƙarƙashin tabarma, ko akuya na naƙuda, ita ce mai cewa a ɗauko ranar Auta. Tatsuniya ce kawai ba ta yarda ta haɗu da ita ba.

Baba Ilu ya haɗa wasu fitilun, ya fara kai su kasuwar Belbeji. Masu shayi suka saya, masu tsire suka saya, amma makiyaya suka fi kowa so, Buzaye da Fulani, domin suna rataye ta a garke lokacin haihuwar tumaki, dila ba ya matsowa. Habu ya taɓa bin sa, ya dawo yana kwaikwayon wani Buzu da ya juya fitilar ya sake juyawa ya ce, "Kai mai fitila, in ta mutu mini a daji fa?" Baba Ilu ya ce, "Ai da ma matacciya na samo na tayar. Ka dawo da ita in sake tayar maka." Ina jin shekara biyu ko uku aka yi haka. Samarin ƙauyen suna tafiya cirani bayan girbi, shi yana gida. Kaka takan ce wa mata a bakin rijiya, "Nawa ciraninsa a rumfa yake."

Sai ƙananan tociloli na China suka shigo kasuwa, masu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi kamar tsabar dawa. Ba su da nauyi, ba sa fashewa, kuma pil yana daɗewa a cikinsu. Fitilar Baba Ilu kuwa, gaskiya ce, tana cin pil. Buzun nan da kansa ya zo ya tsuguna gabansa, in ji Habu, ya ce, "Taka ta fi haske, wallahi ta fi. Amma ta fi raƙumina ci." Ya fara dawowa da kayansa yadda ya tafi da su. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai cika ido ba. Abin da aka zuba a rumbunmu kowa ya san ba zai kai mu wata damina ba.

Nan ya fara zancen Libiya. Ya ce an gaya masa can ana zubar da talabijin sukutum a bola, mai hannu irin nasa ba zai rasa aiki ba. Babanmu bai hana ba. Ya ce namiji ne, kuma bakin da za a ciyar ya yi yawa.

Na ji mahaifiyata tana yi wa Kaka magana wata rana suna sussuka, ina kusa ina korar kaji.

"Iya, ki hana shi mana. Ai ba ya tsallake maganarki."

Kaka ta ajiye taɓarya. "In na ce kada ya tafi, yunwa kuma ta tura shi ya tafi, da me ya tafi? Ya tafi da saɓa wa uwa a kansa. A hanyar nan, mai albarkar uwa ma yana jin jiki, bare wanda ya fita babu ita. Ba zan ɗora masa wannan ba."

"To sai ki zuba ido?"

"Ban ce zan zuba ido ba."

A lokacin ban gane ba. Sai da na girma na fahimci irin matsin da take ciki. Maganar uwa a wajenmu tana da nauyi, in ta fita ba ta komawa. Ba ta iya cewa ya zauna, ba ta kuma iya yin shiru. Hanya ɗaya ta rage mata, ita ce wadda ta fi ƙwarewa a kai.

Daren da zai tafi da safe, an hura wuta kamar kullum. Baba Ilu yana rumfa, yana ƙarasa wata fitila da ya ce zai bar wa Kaka. Ta aiki Habu ya ce masa ya zo ya sha wuta. Habu ya dawo ya ce ya ce yana zuwa, sauran kaɗan. Ta jira. Gyaɗa ta gasu har ta fara ƙonewa. Ta sake aikawa, aka sake kawo mata amsa iri ɗaya. Ba rashin kunya ba ne, ina ganin. Ya daɗe da wuce zaman tatsuniya, kuma mai yiwuwa yana gudun haɗa ido da ita.

Sai Kaka ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta, ta saɓa a hammata, ta bar wutar tana ci, ta nufi rumfa. Muka bi ta a baya muna kallon juna. Ta shimfiɗa tabarmar daidai ƙarƙashin fitilar da ke rataye, ta zauna a cikin farin hasken nan.

"Ga baƙuwa ta iso, ku matsa mata."

Maimakon mu amsa, sai na ce, "Kaka, ai kin ce wannan rana ce."

"Na san abin da na ce, Takwara. Ku amsa mini."

Muka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ban taɓa ganin fuskarta tana tatsuniya ba sai ranar. A gaban wuta inuwa ce kawai ke motsi, murya na fitowa daga cikinta, ta zama kura, ta zama sarki, ta zama jariri. A ƙarƙashin neyon kuwa tsohuwa na gani, mai tamoji, gefen idonta a jiƙe. Na ji tsoro, na kasa ɗauke ido daga kanta.

Tatsuniyar da ta ɗauko mun san ta, ta sha yi mana. Wata mata ce mai kaɗi, idonta ya yi rauni, tana da ɗa guda mai jan ruwa a rijiya. Wani dare ya jawo guga ya ga farin wata kwance a ciki. Ya juye a ƙwarya ya kai wa uwarsa, amma yana shiga ɗaki sai watan ya gudu. Ya koma ya sake, ya sake gudu. Wata tsohuwar jimina da ke zuwa shan ruwan kwatami ta ji tausayinsa, ta ce ya ɗiba da sabon ludayin da ba a taɓa sha da shi ba, ya rufe da ɗankwalin uwarsa. Ya yi haka, hasken ya zauna. Cikin ludayi ɗaya ne kawai, kuma zuwa asuba ya ƙare, sai an ɗebo sabo, amma ya ishi uwar ta ga zarenta. Sai mutanen gari suka fara yi masa dariya. Suka ce wannan ɗan abin? Can arewa, bayan rairayi, akwai tafkin da wata ke kwana a ciki, da tulu ake ɗiba. Yaro ya ɗauki tulu.

Yadda muka saba ji, daga nan daɗin yake farawa. Yaron yakan tafi, ya haɗu da abubuwa iri-iri, akwai waƙar da muke amshi, ya cika tulunsa ya dawo yana tangaɗi, hasken na zuba a hanya, shi ya sa har yau yashin Damargu ke ƙyalli in farin wata ya fito. Mun gyara zama muna jiran waƙar.

Kaka ta ce, "Da ya ɗauki tulu ya kai bakin ƙofa, sai uwar ta kama gefen rigarsa." Ta miƙa hannu a iska ta damƙe, kamar rigar na nan. "Ta ce, ɗana, zarena siriri ne, ɗan hasken nan ya ishe shi. Ni ban roƙe ka tulu ba. In ka tafi, wa zai ɗebo mini na gobe?"

Daidai nan fitilar ta fara kiftawa, ƙararta ta canza, haske na zuwa yana tafiya. Kaka ba ta tsaya ba.

"Sai yaron ya ajiye tulu. Ya zauna."

Muka jira ci gaba. Habu ya ce, "Kaka, ba haka take ba. Ina tafkin? Ina waƙar?"

"Yau haka take. Ta tashi ta kaɗe zanenta, kowa ya nemi tabarmarsa."

Da safe Baba Ilu ya durƙusa gabanta da 'yar jakarsa. Ta ɗora masa hannu a ka ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Allah Ya yi maka albarka, Auta." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta ba shi ƙullin garin gero da ƙuli-ƙuli. Ya miƙa mata sabuwar fitilar, ya nuna mata inda ake murɗawa. Amalanke ta kai shi bakin hanya, daga nan Tanut, daga nan Agadas.

Saƙo ɗaya ya iso mu, ta bakin wani ɗan Ollelewa da ke dawowa: ya gan shi a tashar Agadas lafiya lau, yana gyara wa direbobi rediyo kafin motarsu ta cika. Bayan wannan babu. Daga baya maganganu suka yi ta zuwa. Wani ya ce akwai motar da iska ta shafe mata sawu ta saki hanya, amma bai san ko ita ce tasu ba. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a wani gari a can, yana gyara a bakin titi. Babanmu ya je Agadas da kansa, ya yi tambaya a tasha, ya yi tambaya wajen jandarma, ya dawo ya rame, babu labari. Ba a yi masa zaman makoki ba, domin ba wanda ya ce ya mutu. Ba a kuma daina ambatonsa a addu'a ba.

Da sanyi ya sake zagayowa muka hura wuta a ƙofar Kaka. Ta fito, ta binne gyaɗa, ta tone ta raba mana. Muka jira. Ta zuba wa wutar ido. Na ce, "Kaka, baƙuwa ba za ta zo ba?"

"Baƙuwa ta yi fushi, Takwara. Na fito da ita da rana tsaka."

Limamin ƙauyen, da labari ya kai masa, ya zo har gida ya zauna da ita. Ya ce wannan camfi ne, babu abin da ke samun bawa sai abin da Allah Ya rubuta, kuma ko a al'adar ma ai dare ne, fitila ba ta mai da dare rana. Ta saurare shi da ladabi. Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Na sani." Ba ta sake yin tatsuniya ba har ta bar duniya. 'Ya'yan maƙwabta suka zo sau biyu ko uku, suka daina. Daga baya ma aka daina hura wutar.

Abin da ta koma yi shi ne, kullum bayan magariba ta rataye fitilar a saman dirkar darni ta wajen arewa, ta zauna a ƙarƙashinta, ba ta kaɗi, ba ta magana. Ƙwan zabinta take bayarwa a sayo mata pil ranar kasuwa. Waɗanda suka yi sanyi ta shanya su a rana a kan rufin rumbu, wai su ɗan farfaɗo. A hankali bakunan ƙwan fitilar duka biyu suka yi baƙi, hasken ya koma shuɗi-shuɗi, yana daɗewa kafin ya kama. Wani maraice ta murɗa, ta ji ƙarar sauron nan, amma babu haske. Babanmu ya kai ta Tanut. Mai gyara ya ce masa an daina irin waɗannan, ya sayo mata ta China. Ya sayo. Ta juya ta a hannu ta mayar masa.

"Irin wannan kowane gida akwai. In ya taho da dare, ta yaya zai gane namu? Tasa zai gane."

Ta ci gaba da rataye matacciyar a wurin, kullum, har ƙafarta ta daina kai ta darni. Ta rasu ina makarantar kwana a Damagaram. Ban samu jana'izarta ba.

Fitilar tana wurina yanzu. Na yi jami'a, ina koyar da kimiyya, na san abin da naɗin wayar nan ke yi, na san dalilin da ya sa ƙwan da ya mutu a birni yake kamawa a hannun Baba Ilu. Sau ɗaya na buɗe ta. Na ga dalmarsa dunƙule-dunƙule, aikin ƙusa mai zafi. Na ga kuma abin da ya ɗaure naɗin da shi don kada ya warware: farin zare ne, kaɗin Kaka. Ina zaton zan iya gyara ta, in na samu ƙwai irin nata, ko da yake yanzu suna wuyar samu. Amma mai yiwuwa matsalar a cikin naɗin take, kuma sai na tsinke zaren kafin in gani. Na mayar na rufe.

Ina ƙarama na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya gode da ɗan abin da ya samu. Da na shiga jami'a na fara jin haushin wannan darasin. Baba Ilu ba kwaɗayi ne ya fitar da shi ba. Hasken cikin ludayi ba ya cika rumbu, kuma yaron tatsuniya ya iya ajiye tulu ne domin a tatsuniya ba a jin yunwa sai in mai labari ta so. Yanzu kuwa ba na ganin akwai darasi a cikinta ko kaɗan. Roƙo ne. Tsohuwa ce da aka toshe mata kowace ƙofa, ta ga guda ɗaya a buɗe, ta san a ranta cewa akwai haɗari a bayanta, ta shiga duk da haka. Ban san abin da ya kamata ta yi ba. Ban san abin da ya kamata ya yi ba. Na juya abin shekara da shekaru ban ga inda wani cikinsu zai bi ya fita ba. Kuma duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, sai in ga kujera ɗaya ko biyu a ajina babu kowa, in tambaya a ce mini sun yi arewa.

Na sani sarai babu abin da ya haɗa tatsuniya a cikin haske da ɓatan mota a hamada. Zan iya tsayawa gaban ɗalibai in faɗi haka babu ko ɗar. Amma in 'yata ta ce in yi mata tatsuniya, sai na tashi na kashe ƙwan ɗaki tukuna. Ta tambaye ni dalili, na ce mata ya fi daɗi a duhu.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne wata gardama da ke tsakanina da Habu. Shi ya ce lokacin da fitilar ta fara kiftawa, Baba Ilu ya tashi ya shiga zaure neman sabon pil, bai dawo ba sai da Kaka ta rufe labarin, don haka bai ji inda yaron ya ajiye tulu ba, mai yiwuwa ma bai ji maganar uwar duka ba. Ni kuwa ina ganin kamar yana zaune, kansa a sunkuye, yana jujjuya ƙusar nan a hannu, bai motsa ba. In Habu ne da gaskiya, Kaka ta karya dokarta a banza, ta kuma ɗauki nauyin har kabari a kan maganar da ba ta isa kunnen mai ita ba. In ni ce da gaskiya, ya ji, ya gane, ya kwana da ita, ya tashi ya tafi. Ban san wanne zan fi so ya zama gaskiya ba. Amma ina so in sani.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna a rumfar nan a daren, cikin 'ya'yan maƙwabtanmu da suka watsu yanzu, in wannan rubutu ya kai gare shi, ya aiko mini da gyara, ko a kan wannan ko a kan wani abin da na faɗa ba daidai ba. Haka wanda ya taɓa ganin dogon mutum mai shiru a wani gari na arewa yana tayar da matattun ƙwayayen fitila, ko da an daɗe, ko da bai tabbata ba. Na fi buƙatar wanda ya zauna ta wajen ƙofar zaure, inda ake ganin fuskarsa. Ni a daren nan Kaka nake kallo. Ina fata akwai wanda ya kalle shi.